Filin Tambayoyin Mota: Kuloci a Mota Mai Ƙarfin Inji

Yawancin wasiƙun wannan wata daga Jihar Kebbi suka fito, kuma kusan duka a kan kuloci suke, musamman na motocin giyar hannu masu ƙarfin inji da waɗanda aka ƙara wa ƙarfi. Mun taƙaita wasu don fili ya isa.

Assalamu alaikum. Ina da Golf GTI ƙira ta 7, giyar hannu. Na kai ta an taɓa kwamfutar injin, wanda ya yi aikin ya ce yanzu tana ba da doki 290 da Nm 440. Tun daga nan, in ina giya ta 5 ko ta 6 a hanyar Jega na taka totur, sai allurar juyi ta tashi amma gudu bai ƙaru ba. A giya ta 1 da ta 2 lafiya lau. Wane kuloci zan saya da zai ɗauki doki 300?
*Daga wani ma'aikaci, Birnin Kebbi*

Wa alaikumus salam. Malam, sulɓin kuloci ne, kuma ka daina gwada shi haka nan, domin duk takun da ya sa allura ta tashi mota ba ta bi ta ba, faranti, wato faifan kuloci da ke kamawa, kake toyawa.

Kafin ka je kasuwa, a gyara tambayar. Kuloci bai san doki ba. Abin da yake riƙewa shi ne ƙarfin murɗa, wato tok, wanda ake aunawa da Nm. Doki lissafi ne da ake fitarwa daga tok haɗe da saurin juyin inji, shi ya sa inji mai juyi da sauri kan tara doki da yawa alhali tok ɗinsa kaɗan ne. Honda S2000 ta farko dokinta 240, amma tok ɗinta Nm 208 kacal. Land Cruiser 79 mai injin dizal V8 dokinta 202, tok ɗinta kuwa Nm 430 tun inji yana juyi 1,200 a minti. Ka ga mai ƙarancin doki ce take buƙatar kulocin da ya ninka na ɗayar.

Motarka ta fito daga kamfani da Nm 350. An kai ta 440, ƙarin sama da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma ya cinye rarar da kamfani ya bar wa kulocin. Dalilin da ya sa abin ke bayyana a manyan giyoyi shi ne a can ne inji ke daɗewa yana jan nauyi, turbo ya cika iska, tok ya kai ƙarshensa. A ƙananan giyoyi mota kan zabura ta wuce wurin kafin a kai ga haka.

Abu huɗu ne ke yanke abin da kuloci zai riƙe, kuma ninka su ake yi: ƙarfin kamun fuskar faranti, ƙarfin matsin firesha filet (ƙarfen da ke matse faranti a jikin fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyi tare da inji), faɗin faranti, da yawan fuskokin da ke gogayya. Ga misali don a gane. Faranti mai faɗin milimita 240 a waje da 160 a ciki, tsakiyar kamunsa tana nisan mita 0.1 daga cibiya. In ma'aunin kamun fuskarsa 0.3 ne, matsin firesha niwton 8,000, fuska biyu, to 0.3 × 8,000 × 0.1 × 2 ya ba da Nm 480. Faɗi ba ya canzuwa, gidan giya ya riga ya ƙayyade shi. Saura uku: a ƙara matsi, a canza fuska, ko a ƙara faranti na biyu. Kowanne da abin da yake ci maka, kamar yadda za ka gani a amsoshin da ke ƙasa.

Kai abin da ya dace da kai, ka ɗora kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a kan Nm 440, ka nemi saitin da aka rubuta masa Nm 530 zuwa 570. Faranti ya kasance mai cikakkiyar fuska zagaye, irin na zare da ƙaro da aka ƙarfafa, tare da firesha mai ƙarin matsi. Sachs da South Bend duk suna yi wa wannan motar irinsa. Kayan Amurka kan zo da lb-ft, ma'auninsu na tok, a jikin kwali. Ka ninka da 1.356, wato lb-ft 400 kusan Nm 542 ne. Ka kuma tambayi wanda ya taɓa kwamfutar ko 440 ɗin a bakin inji ya auna ko a taya. In a taya ne, na bakin inji ya fi haka, kuma shi ne kuloci ke ɗauka.

Famfon ƙasa na motarka, wanda matsin mai ke turawa ya buɗe kuloci, yana cikin gidan giya ne, haɗe da rilis biyarin (biyarin da ke danna firesha in an taka feda), don haka a canza shi tun giya tana ƙasa. Kafin kaya su iso, in za ka wuce tirela ka sauko giya ta 4, kada ka danne totur a ta 6 inji yana juyi 2,000.

Malamai, BMW 335i gare ni, ban ƙara mata komi ba. Da kulocinta ya ƙare, na sa aka aiko min da wanda an ka ce siteji na 4 ne, na siramik mai kunne shida, don in huta da canji. Tun ran farko motar ke kakkarwa in za ta tashi, kuma ko shekara bai yi ba bakanike ya ce ya ƙare, har ya ci fulawil. Jabu an ka saida min?
*Daga wani ɗan kasuwa, Jega*

Alhaji, mai yiwuwa ne kayan na gaskiya ne, aikin da aka sa su ne ba nasu ba. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa: a ɗauka kulocin da ya fi riƙe ƙarfi shi ya fi daɗewa. Riƙo daban, daɗewa daban.

Lambar siteji ma ba ma'auni ba ce da kamfanoni suka yarda da ita tare. Siteji na 2 na wannan kamfani yana iya fin na 3 na wancan. Abin dubawa shi ne Nm da irin fuskar.

Fuskar da kamfanin mota ke sawa ta zare da ƙaro ce, kuma a tsakanin fuskokin biyu akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke lotsawa a hankali yayin da kake ɗaga ƙafa. Shi ke ba ka tashi mai laushi. Rauninta zafi: in ya doshi digiri 300 sai ƙaron ya fara ƙonewa, kamu ya ragu. Ta Kevlar tana daɗewa ƙwarai kuma ba ta cin fulawil, amma tana son doguwar sabawa, in kuma ta taɓa yin zafi ta yi santsi kamar gilashi, da wuya ta dawo. Ta siramik, wadda haɗin garin ƙarfe ne da aka gasa, tana jure zafin da ya fi wannan nesa, kamunta ma ya fi. Amma yawanci ba ta da wancan ƙarfen mai lotsawa, ko dai ta kama ko ta saki. An yi ta ne don filin tsere, inda direba ke sakin kuloci sau ɗaya ya wuce.

To ka kawo ta cikin Jega ranar kasuwa, tsakanin amalanke da babura da motocin albasa, kana tashi kana tsayawa sau ɗari. Dole ka riƙa sulɓa ta don kada mota ta mutu. Kunnuwa shida ba su kai cikakkiyar fuska faɗi ba, duk matsin a kansu yake taruwa, ga su da tauri, sai su riƙa kankare fulawil da firesha kamar zarto. Abin da ya ci doma ba ya barin awai: ƙarfen yana ƙarewa, kunnuwan ma suna ƙarewa. Kakkarwar da kake ji kamu da saki ne a jejjere, kuma tana sauka a kan kujerun inji, haƙoran giya da shaf ɗin baya.

Injinka Nm 400 yake bayarwa, kulocin kamfani an yi shi daidai da haka har da rara. Ka koma saitin LuK ko Sachs na asali da sabon fulawil. Wanda aka kankare ba ya karɓar sabon faranti.

Ina da Land Cruiser fikof V8 da nake kwasar shinkafa da ita daga fadama. In ta nutse a yashi muka matsa mata, sai wari ya tashi kamar ana ƙona fata. Kuloci biyu na canza cikin shekara biyu. Akwai wanda ba ya ƙonewa?
*Daga wani manomi, Bagudo*

Babu shi, Alhaji. Akwai dai wanda ya fi jurewa, amma bari ka ga girman wutar da ake hura masa.

In mota ta kafe, inji yana juyi 3,000 a minti, direba ya riƙe kuloci rabi yana wuce Nm 300, tayoyi kuma ba sa motsi, ƙarfin da inji ke fitarwa ya kai kilowat 94, kuma ba inda yake zuwa sai fuskar faranti. Dutsen guga na lantarki kilowat ɗaya ne ko sama kaɗan. Wato kamar an tara zafin dutsen guga kusan casa'in a kan abin da bai fi faifai faɗi ba. Daƙiƙa biyar sun isa su ƙara wa dukan ƙarfen firesha kamar digiri 100, fatar samansa kuwa ta wuce haka sosai. A yi haka sau uku a jere ba hutu, ƙaro ya ƙone, sifirin ɗin firesha ya yi laushi ya rage matsi, fulawil ya fito da tabo shuɗaye. Warin nan shi ne shaidar.

Maganin yana cikin motar tun daga kamfani: ƙaramar giyar taimako, wadda aka rubuta wa L4. Tana ninka ƙarfin da ke isa taya kusan sau biyu da rabi, ta yadda za ka saki kuloci gaba ɗaya tun mota tana tafiyar ƙafa. A sa ta tun kafin a shiga yashi, ba bayan an nutse ba, a kuma kulle hob ɗin gaba, wato makullin cibiyar tayoyin gaba, in irin na hannu ne. A rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin iska na psi, a mayar da ita da an hau kwalta. In duk da haka ta kafe, a sauke buhu goma, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa katako ko rassa. Wahalar rabin awa ce, ta fi sauke giya. Da zarar an ji wari a mayar da giya firi, a ɗauke ƙafa daga feda, a bar inji yana aiki a hankali kamar minti goma.

In an sa wa motar tayoyin da suka fi na asali tsayi, su ma suna da hannu: ƙarin kashi 10 cikin 100 a tsayin taya ƙarin kashi 10 ne a nauyin tashi.

Ga damina kuma. Kada direba ya taka kuloci yana tsakiyar ruwa ko taɓo mai zurfi. Ya zaɓi giya tun a bakin ruwa ya wuce da ita. In faranti ya buɗe a ciki, laka ta shiga tsakani, ta bushe ta zama kamar takardar goge katako, ta kuma kashe rilis biyarin.

Na saye kuwa, ka nemi saiti mai ƙarin matsi na Exedy ko makamancinsa, mai cikakkiyar fuska da sifirin a cibiya. Ka guji mai kunnuwa. Mota mai kaya tana buƙatar tashi a hankali.

Fulawil ɗin motata yana ƙara kwas-kwas in na kashe inji. Bakanike ya ce irin mai ɓari biyu ne, sabo da tsada, wai a yi masa walda ya zama guda. In yarda?
*Daga wani malamin makaranta, Koko*

Kada ka yarda, Malam. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Fulawil mai ɓari biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985, yana da dogayen sifirin a cikinsa da ke shanye bugun inji kafin ya isa giya. Saboda haka farantin da ke tafiya da shi yawanci ba shi da sifirin ko kaɗan. In aka yi walda, babu mai shanye bugun a ko'ina, sai ya sauka kan haƙoran giya da karanshaf, babbar sandar inji mai juyi. Ƙari a kan haka, mai walda ba shi da yadda zai daidaita ɓarin biyu a cibiya ɗaya, nauyi zai rinjaya gefe, zafin wuta zai karkatar da fuskar. Ƙarfe mai nauyin kilo goma ko fiye da ke juyi dubu biyar a minti kusa da ƙafafunka ba abin gwaji ba ne.

Hanya biyu ce. Ko sabon mai ɓari biyu, ko cikakken saitin canji da kamfani ya yi: fulawil guda, faranti mai sifirin, firesha da notinansu, duka a kwali ɗaya. Na biyun yana jure ƙarin tok kuma ana iya goge fuskarsa nan gaba, amma ka sani giya za ta riƙa ɗan kaɗawa in mota tana tsaye inji na aiki, musamman da na'urar sanyi a kunne. A injin dizal mai silinda huɗu mun fi son a zauna a kan mai ɓari biyu, don bugunsa ya fi tsanani.

Gaisuwa ga iyayen gidana. Ban daɗe da samun 'yanci daga wurin maigidana ba, na buɗe gareji. An kawo min saitin kuloci mai tsada in ɗaura wa wata mota, ina tsoron in ɓata. Mi zan kiyaye?
*Daga wani matashin bakanike, Argungu*

Allah ya yi wa sana'a albarka. Tsoron nan naka alheri ne, domin kuloci mai tsada da yawa a hannun mai ɗaurawa suke mutuwa tun ba su taka titi ba.

Da ka sauke giya, kada ka yi gaggawar jefar da tsohon faranti, ka karanta shi. In ya jiƙe da mai, akwai sil, wato robar tare mai, da ke yoyo, ko na bayan karanshaf ko na shaf ɗin giya, kuma zai jiƙa sabon ma. Ka canza su duka biyu. In gefe guda ya fi cinyewa, giya ba ta zauna daidai ba: duba 'yan turakun nan biyu da ke saita gidan giya da inji, sau da yawa ɗaya ya ɓace. In sifirin ɗin cibiya sun karye, ko direba yana fizgar mota ko yana jan ta a babbar giya inji na kakkarwa. Ƙurar cikin gidan kada ka hure ta da iska; wasu farantai na da da masu araha suna da asbestos mai lalata huhu. Ka jiƙa tsumma ka share.

Sai fulawil. In guda ne, a kai wurin masu injin goge ƙarfe, ba a goge da takarda a hannu ba. In yana da mataki tsakanin inda faranti ke kamawa da inda firesha ke zama, a rage duka biyun daidai wa daida, in ba haka ba matsi ya canza. Mai tsagewar da ta kai bakin ramin noti ko gefe, a jefar. Bayan ka ɗaura, ka sa agogon awo a fuskarsa ka juya inji: a yawancin motocin Toyota karkata ba ta wuce milimita 0.1. Notinan fulawil a motoci da yawa sau ɗaya ake ɗaure su saboda suna miƙewa, ka sa sababbi, da sifana mai awo, bisa lambar littafin motar. Ƙaramin biyarin ɗin da ke cikin gindin karanshaf, in motar tana da shi, kuɗinsa kaɗan ne, a canza.

Sabon firesha da fulawil suna zuwa da man hana tsatsa. Ka wanke shi da feshin wanke birki. Kananzir da gas suna barin maiƙo. Fuskar faranti kuwa kada hannu mai giris ya taɓa ta.

Ka gwada faranti a haƙoran shaf ɗin giya tun a ƙasa, ya shiga ya fita ba tare da cijewa ba. Shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan, ka zura ka zare, ka share duk wanda ya taru a baki. Wanda ya yi yawa juyi zai watsa shi kan fuska, mota ta kama kakkarwa. Duba rubutun da ke nuna gefen fulawil ko gefen giya. Ka saita cibiya da sandar saiti, ba da ido ba. Notinan firesha a bi su a gicciye, rabin juyi rabin juyi, har ya zauna, sannan a ƙarasa da awo. Masu kaurin milimita 8 yawanci tsakanin Nm 20 da 30 suke. Ban da bindigar iska. In firesha irin mai saita kansa ne, kamar na BMW da Volkswagen da yawa, yana da abin matsa shi na musamman, in ka ɗaure shi haka kawai zoben cikinsa zai zame, ya fito kamar wanda ya riga ya tsufa.

Wurin mayar da giya ne aka fi ɓarna. Kada nauyinta ya rataya a kan faranti ko na ɗan lokaci, cibiyar za ta lanƙwashe, kuloci ya ƙi saki. Ka tallafe ta da jak. In ta rage yatsa biyu ta ƙi shiga, kada ka jawo ta da noti. Ka ja baya ka sake saiti.

Daga ƙarshe ka fitar da iska daga layin man kuloci, ka duba wasan feda. A yawancin Toyota milimita 5 zuwa 15 ne. In babu wasa sam, famfon sama, wanda feda ke turawa, ba ya barin mai ya koma, matsi ya tsaya a layi, sabon kuloci ya riƙa sulɓi ba wanda ya sani.

A watan Afrilu, in na daɗe cikin cunkoso, feda takan yi laushi, giya ta 1 da ribas su ƙi shiga. In mota ta huce sai ta dawo daidai. Kulocin sabo ne.
*Daga wata ma'aikaciyar asibiti, Yauri*

Hajiya, ga alama ba faranti ba ne, man ne. Kuloci irin naki da man birki yake aiki, shi kuwa yana shan danshin iska a hankali. DOT 3 sabo sai a digiri 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. DOT 4 daga 230 zuwa 155. A bazarar Kebbi, da iskar waje kanta ke wuce digiri 40, ga layin man kusa da salansa ko turbo, ga mota a tsaye ba iska, tsohon mai yana iya yin tururi. Tururi kuwa matsuwa yake yi, sai tafiyar feda ta ƙare kuloci bai gama saki ba.

A zubar da man duka a sa sabon DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a maimaita duk shekara biyu. Kada a sa DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. A duba tiyon roba ko yana kumbura in an taka, a kuma nesanta layin da salansa ko a naɗe shi da abin tare zafi. In bayan haka feda tana nutsewa a hankali idan kin riƙe ta a ƙasa, robar famfon sama ce ta gaji. Kafin a gyara, kada ki tura giya da ƙarfi. Zoben da ke daidaita giyoyi ne zai biya.

Na sa firesha mai ƙarfi sosai a motata mai turbo, sulɓi ya daina, amma feda ta yi tauri har gwiwata na ciwo. An ce in sa mai faranti biyu. Mi ne bambancin?
*Daga wani mai karatu, Zuru*

Gwiwarka ba ita kaɗai ke ɗaukar nauyin ba, ɗan'uwa. Duk lokacin da ka taka, ƙarfin yana tura karanshaf gaba, abin da ke tare shi kuwa wasu siraran metal ne masu siffar rabin wata. Firesha mai tsananin matsi yana cinye su, musamman lokacin tayar da inji da safe ƙafa a kan kuloci, man inji bai riga ya hau ba. A sa agogon awo a duba wasan karanshaf gaba da baya. A yawancin injuna in ya wuce milimita 0.3 an shiga matsala. Cokalin kuloci, famfon sama da bangon da feda ke jiki su ma suna lanƙwashewa ko su tsage.

Mai faranti biyu yana da fuska huɗu maimakon biyu. A lissafin da muka yi a amsar farko, Nm 480 zai koma 960 ba tare da an ƙara matsi ba. Sai a samu riƙo mai yawa da feda mai sauƙi, zafi kuma ya rabu a ƙarfe mai yawa. Shi ya sa Ford ta sa irinsa a Mustang GT ta 2018 mai doki 460 da tok kusan Nm 570. Aibinsa tsada, da ɗan ƙarar farantin tsakiya in an taka feda a wasu samfura, kuma dole a auna tazarar rilis biyarin daidai yadda takardarsa ta ce. In tok ɗin motarka ya haura Nm 600 kuma kullum kana hawa da sauka a tuddan Zuru, ya cancanci kuɗinsa, ka zaɓi mai fuskar zare ba siramik ba. In bai kai haka ba, firesha mai matsakaicin matsi da faranti mai kyau sun wadatar.

An ɗaura min sabon kuloci jiya, kuma akwai bikin abokina mako mai zuwa, muna son mu ɗan yi wasa da mota. Zai jure? Kuma kilomita nawa kuloci ke yi?
*Daga wani ɗalibi, Aliero*

Ba zai jure ba, ɗana. Sabon faranti da fulawil ba su gama haɗa fuska ba, a 'yan wurare kaɗan suke taɓa juna. In ka saki kuloci da ƙarfi inji yana juyi 5,000, duk zafin a waɗannan wuraren zai taru, fuska ta yi santsi, fulawil ya yi tabo, sulɓi ya fara tun a makon farko. Yawancin masu ƙera su suna neman wajen kilomita 800 na tuƙin cikin gari, tashi da tsayawa da canjin giya, ba cika totur, ba jan wata mota. Na Kevlar ya fi haka. Tafiya daga Aliero zuwa Sakkwato a giya ta 5 ba ta shiga lissafi, don ba a taɓa kuloci ba.

Wasan mota a taron biki kuwa muna roƙonka ka bar shi, ko da kulocin ya saba. Yara ne ke tsayawa a bakin hanya suna kallo, taya ko birki in ya kuɓuce ba ya ba da sanarwa.

Kulocin kamfani a hannun mai kula yana wuce kilomita 100,000. Wanda ake fizga yana iya ƙarewa a yini ɗaya. Abubuwan da ke rage masa kwana a tuƙin yau da kullum sanannu ne: ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, riƙe mota a hawa da kuloci maimakon birkin hannu, tashi da giya ta 2, da tsayawa a danja giya a ciki ƙafa a ƙasa. In kana son sanin saura nawa, duk ranar da aka sauke giya a auna zurfin kan ribit, wato ƙusoshin da ke riƙe fuskar, daga fuskar faranti. In ya sauko milimita 0.3, a canza.